Wa Zai Biya, Wa Zai Ba Da Bahasi? Batun Sufurin Jama'a a Gadarif

A shekarar 1928 layin dogo ya iso Gadarif daga Kasala, a shekara mai bi mata kuma aka sada shi da Sinnar. Daga wannan lokaci buhun dawa ko na riɗi da aka ɗora a tashar garin yana iya tafiya cikin tarago har bakin Bahar Maliya, zuwa tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, ba tare da an nemi raƙumi ba. Yau shekaru da dama ke nan rabon da jirgi ya riƙa bin wannan layi a kai a kai. Dawa da riɗi ba su daina fita ba, mutane ma ba su daina tafiya ba. Nauyin ne kawai ya koma kan manyan motoci da ƙananan motocin haya da hanyar kwalta, kuma kuɗin ɗaukarsa daga aljihun manomi da fasinja yake fita. Hukumar da aka kafa don ta sauƙaƙa musu wannan nauyi kuwa tana nan da sunanta da ofisoshinta.

Gadarif ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata daga ƙasar Hausa da Borno suke ratsa Sudan a ƙasa kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu su yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta waɗanda suka biyo baya ta bazu a Jazira da Kasala da Gadarif, kuma da guminsu aka yi babban kaso na noman yankin. Har yau ana jin Hausa a kasuwannin Gadarif da ƙauyukanta, gauraye da Larabcin Sudan. A bakin mutanen wurin ƙaramar bas ita ce hafila, a-daidaita-sahu shi ne raksha, yaron motar da ke bi yana karɓar kuɗi kuwa kumsari. Sunayen sun bambanta da na Kano, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha da yamma yana lissafin ko abin da ke aljihunsa zai kai shi gida, zai gane zancen ba tare da tafinta ba.

Duk inda aka tada maganar gyaran hukumomin sufuri, bakin mutane kan rabu biyu. Jami'an hukuma su ce kuɗi ne babu, a ba su isasshe a ga aiki. Masu biyan haraji su ce an sha bayarwa ba a ga komai ba, saboda haka a fara kawo lissafin na baya kafin a ƙara ko sisi. Kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa, motoci kuma suna ta ruɓewa a gareji ana cikin yin ta. Abin da tarihin sufurin Gadarif ke nunawa shi ne matsalolin nan biyu tushensu ɗaya. Hukumar da kuɗinta ke zuwa a matsayin kyautar mai mulki, ranar da ya ga dama kuma gwargwadon yadda ya ga dama, ga mai mulkin za ta riƙa duƙawa, shi za ta faranta wa, kuma ba ta da dalilin buɗe littafinta ga fasinja. Hanyar da kuɗi ke bi ya shigo ita ke zaɓen wanda za a yi wa bayani.

Jirgin ƙasan Sudan na yau da yaƙi ya fara. Sojojin Ingila da Masar ne suka shimfiɗa layi daga Wadi Halfa a 1897 don kai dakaru da makamai, ya isa gaɓar Hartum a ƙarshen 1899. A 1906 aka buɗe layin da ya haɗa Atbara da Bahar Maliya, a 1924 reshe ya tashi daga mahaɗar Hayya ya kai Kasala saboda auduga, sannan ya zarce Gadarif. Wanda ya san yadda jirgi ya iso Kano a 1911, da yadda dalar gyaɗa ta tashi a kusa da tasha bayan haka, ya san manufar: a kwashi amfanin gona a kai bakin teku. Har faɗin dogon ma ɗaya ne da na tsohon layin Nijeriya, milimita 1,067. Fasinja ɗan rakiya ne a wannan tsari. Duk da haka layin ya yi wa Gadarif rana. Lokacin da aka fara noman damina da injuna a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, aka kuma kafa hukumar noman injuna a 1968, jirgin ne ya sa hatsin da aka tara a wannan baƙar ƙasa mai laka ya sami kasuwa a nesa, har Gadarif ta zama rumbun Sudan.

A ƙarshen mulkin mallaka da farkon 'yancin kai, hukumar jiragen ƙasa ƙaramar daula ce a cikin ƙasa. Cibiyarta da manyan garejinta suna Atbara, kuma har farkon shekarun 1970 ita ke gudanar da jiragen ruwan kogin Nilu da tashar Bur Sudan da wasu manyan otal-otal. Layukanta sun haura kilomita 4,500, kayan da take ɗauka a shekara sun kai kusan tan miliyan 3 a farkon shekarun 1970. Daga nan gangara ta fara. Kuɗin waje ya yi ƙaranci, kayan gyara suka yanke, kawunan jirgi suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya. A 1977 bututun mai daga Bur Sudan zuwa Hartum ya ƙwace mata dakon fetur. A 1980 aka kammala hanyar kwalta mai tsawon kusan kilomita 1,200 daga Hartum zuwa Bur Sudan, wadda ta bi ta Wad Madani da Gadarif da Kasala, wato gefe da gefe da layin gabas. Ɗan kasuwar da ya gaji da jiran tarago na makonni bai buƙaci a roƙe shi ba kafin ya koma wa babbar mota.

Sai kuma siyasa ta shigo da nata kason. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa da aka kafa a Atbara a 1946 ita ce uwar ƙungiyoyin ƙwadago na Sudan, kuma gwamnatocin soja ba su taɓa sakin jiki da ita ba. A 1981 Shugaba Ja'afar Numairi ya murƙushe yajin aikinta, ya rusa ƙungiyar. Bayan juyin mulkin 1989 gwamnatin Umar al-Bashir ta sallami dubban ma'aikatan gwamnati da sunan maslahar jama'a, kuma hukumar jiragen ƙasa na cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa, domin direban jirgi da bakaniken da ya shekara ashirin yana sanin ciwon inji ba a samun madadinsu da takardar naɗi. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997, wanda ba a ɗage ba sai a Oktoban 2017, ya ƙara toshe hanyar samun kayan gyara. Jami'ai sun daɗe suna jingina komai ga takunkumin, kuma gaskiya ne ya cutar. Sai dai ciwon ya girme shi da shekara ashirin. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa tsayar da wani a gaban manoman Gadarif aka ce ya yi musu bayanin dalilin da jirginsu ya daina zuwa ba.

Abin da ya rage wa jihar shi ne sufurin 'yan kasuwa. Manyan bas-bas suna bin kwalta zuwa Hartum, tafiyar kimanin kilomita 400, ko zuwa Kasala, ko zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha. A cikin gari hafila da raksha ne. Idan aka sauka daga kwalta kuwa, labarin na damina ne. Ƙasar da ke ba da dawa ita ce ke riƙe ƙafar mota: daga Yuni zuwa Oktoba laka takan mayar da hanyoyin ƙauye taɓo, garuruwa su yanke daga birni, mai naƙuda ko wanda maciji ya sara sai dai a ɗora shi a bayan tarakta. Masu motocin haya ba su da laifi idan sun ƙi zuwa inda za su kafe ko su karya mota. Irin wannan gurbi, wato hanyar da ba ta da riba amma rai ya dogara da ita, shi ne ainihin dalilin da ya sa ake kafa hukumar sufuri ta gwamnati, kuma a nan ne aka fi jin rashinta.

Mai neman ganin yadda kyautar mai mulki ke ƙarewa, ya dubi Hartum. Wajen shekarar 2010 gwamnatin jihar, a zamanin gwamna Abdurrahman al-Khidir, ta kafa kamfanin sufuri ta zuba manyan bas-bas a tituna. Jama'a da kansu suka raɗa musu suna, motocin gwamna. Sunan ya faɗi gaskiyar da takardun hukuma ba su faɗa ba. Cikin 'yan shekaru da yawa daga cikinsu suka kwanta, cunkoso ya koma yadda yake. Mutumin Nijeriya ba zai yi dariya ba, domin tun shirin sufurin jama'a da gwamnatin Babangida ta ƙaddamar a 1988, kusan babu jihar Arewa da ba ta ga jerin sababbin motoci da fenti mai ƙyalli a filin taro ba, sannan ta gan su bayan shekara biyar a bayan katanga, ba taya, ba gilashi, kaji na ƙwai a kujerunsu. Sayen mota yana da ranar biki, da almakashi, da hoto a jarida. Canjin baƙin mai da sayen birki ba su da ko ɗaya. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: kwangilar sayo motoci ɗari tana da maiƙo, ta gyaran guda ɗari kuwa wahala ce zalla. Muddin kasafin hukuma ya dogara ga abin da zai burge mai mulki, kuɗin saye zai fito, na gyara ya maƙale.

Wasu za su ce to hukuma ta ciyar da kanta daga kuɗin tikiti mana. Wannan magana tana da daɗin ji, amma Sudan ta gwada ɗacinta. Da Sudan ta Kudu ta balle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Rage tallafin mai a Satumban 2013 ya jawo zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta. A Fabrairun 2021 gwamnatin riƙon ƙwarya ta karya darajar fam daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, a watan Yuni ta cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar shekarar. A irin wannan yanayi farashin da hukuma ta ƙayyade da safe ya zama asara kafin wata ya ƙare. Idan an bar shi yadda yake, direba ya ajiye mota, ko ya raba hanya ɗaya gida biyu ya karɓi kuɗi sau biyu. Idan an ɗaga shi ya kamo farashin dizal, ɗalibi da leburan gona su koma tafiya a ƙasa. Ko a manyan biranen Turai kuɗin fasinja kaɗai ba ya ɗaukar nauyin bas da jirgi, sai an cika daga wata taska. Abin tambaya shi ne wace taska, kuma wa ke riƙe da makullinta.

Akwai wata kalma ta Hausa da ta dace da wannan wuri, wato bahasi. Lissafi shi ne jera alkaluma. Hisabi ya fi karkata ga ranar gobe. Bahasi kuwa shi ne a tsayar da mutum a gaban wanda ke da ikon tambayarsa, ya faɗi yadda aka yi, a kuma iya ce masa ba a gamsu ba. Ma'ajin da ya rubuta lissafi ya kulle a durowa bai ba da bahasi ba. Sudan ba ta rasa lissafi ba. Tana da ofishin babban mai binciken kuɗi, wanda rahotanninsa na shekara suka sha fallasa ɓarna a zamanin al-Bashir. Tana da rasit na hukuma da kowa ya sani da suna Urnik 15, wanda aka mayar na kwamfuta a 2015 don toshe ɓaraka. Amma kuma tana da al'adar da 'yan ƙasar ke kira tajnib, wato ma'aikata ko hukuma ta karɓi kuɗin shiga ta ajiye a gefe, ta kashe ba tare da ya bi ta baitulmali ba. Sannan tun da aka rusa majalisar dokoki a Afrilun 2019 ba a kafa wata zaɓaɓɓiya ba, ko majalisar riƙon ƙwarya da aka yi alkawari ba ta zauna ba. Rahoton mai bincike idan babu majalisar da za ta kira shugaban hukuma ta titsiye shi, takarda ce kawai.

Saboda haka gyaran da zai yi wa Gadarif amfani sai ya ɗaure kuɗi da bahasi a igiya ɗaya, kuma jihar tana da abin da jihohi da yawa ba su da shi. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif tana cikin mafiya girma a Sudan, a can ake gwanjon riɗi da dawa, ana auna su, ana rubuta su, ana kuma karɓar kuɗaɗen hukuma a kansu. Abin da ya dace shi ne doka ta yanke wani kaso sananne daga abin da ake karɓa a wannan kasuwa, ta ce na sufurin jihar ne, ba ya jiran sa hannun gwamna kuma ba a karkatar da shi. Ta kuma ce kashi mafi girma na gyara ne: kwalbatoci da tsakuwar hanyoyin ƙauye, kayan gyara, da biyan masu motar da za su bi hanyoyin da ba riba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1971 Faransa ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata a yankin Faris wani haraji kan albashi wanda ke tafiya kai tsaye ga sufurin jama'a, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran birane, bisa hujjar cewa wanda ke cin moriyar zuwan ma'aikaci wurin aiki ya kamata ya taimaka wajen kawo shi. A Gadarif albashi kaɗan ne, buhu ne da yawa, kuma babu wanda ya fi mai buhu cin moriyar hanya.

Za a kawo suka biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko, manomin Gadarif ya riga ya gaji da karɓe-karɓe: ga zakkar da hukuma ke cira, ga kuɗaɗen jiha da na ƙaramar hukuma, ga shingayen hanya. Ƙara masa wani zalunci ne. Jikokin mutanen Mai Wurno ba su manta cewa yawan haraji marar dalili na cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi ba. Amsar ita ce kada a ƙara ko fam ɗaya. Daga cikin abin da ake karɓa yanzu za a yanka, kuma a soke wasu shingayen a madadinsa. Suka na biyu ya fi kaifi: ware wa hukuma asusunta, ai shi ne tajnib ɗin da ake kuka da shi, an dai sa masa riga. Nijeriya ma a 2015 ta tilasta asusun bai ɗaya ne don kashe irin waɗannan aljihunan ɓoye. Wannan haɗari na gaske ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san yadda hukumomi ke cin amana ba. Bambancin yana wurare uku da ba a sassauta ko ɗaya. Kuɗin ya shiga baitulmali da rasit na hukuma kafin ya fita. Doka ce ta faɗi adadin kason a fili. Sannan waɗanda aka cira daga buhunansu suna da kujeru masu ƙuri'a a kwamitin da ke sa hannu: ƙananan manoma tare da manya, ƙungiyar direbobi, 'yan kasuwa, da wakilan ƙauyukan da damina ke yankewa, waɗanda yawancinsu ba su da kowa a ofis. Idan aka cire na ukun, gara a bar maganar gaba ɗaya.

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan an karɓa ba a nuna ba. Bayan hana acaɓa a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ya zama ƙafar birnin. A Fabrairun 2021 direbobinsa suka yi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum, suka sake yin wani a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta takardar izini, birni ya tsaya cak, ma'aikata da 'yan makaranta suka taka a ƙasa. Naira 100 ba ta kai kuɗin ɗaukar fasinja biyu ba. Da a ce direba yana iya nuna kwalbatin da ta gina, ko wurin tsayawar da ta shimfiɗa, da wuya gardamar ta kai inda ta kai.

Akwai kuma tambayar me hukumar za ta yi da kuɗin. Jarabar ita ce ta sayi motoci ta zama ɗan kasuwa, alhali nan ne ta sha faɗuwa. Gadarif ba ta rasa motoci da direbobi da makanikai ba, kuma mai hafila ɗaya yana kula da ita fiye da yadda kowane ma'aikaci zai kula da ta gwamnati, domin ita ce tukunyar gidansa. Landan ta bi wata hanya tun tsakiyar shekarun 1980: hukuma ce ke tsara hanyoyi da farashi da lokuta, kamfanoni su yi takara su karɓi kwangilar hanya, a biya su gwargwadon tafiyar da suka yi da kiyaye lokacinsu. Gadarif ba Landan ba ce, ba ta da na'urorin bin diddigin kowace mota, amma ainihin dabarar ba ta buƙatar su. Ana iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu motoci cewa mota za ta je ƙauye kaza sau biyu a mako duk damina a kan farashi kaza, hukuma ta cika gibin, kuma ba a biya sai kwamitin ƙauyen ya shaida cewa ta zo. Kwangilar da ta gaza ana iya ƙwace ta a ba wani a kaka mai zuwa. Bas ɗari da suka ruɓe a gareji kuwa babu wanda za a ƙwace wa.

Bahasin ma sai ya zama irin wanda mai sayar da shayi a tasha zai iya bi. Rahoto mai shafi ɗari biyu da ke fitowa bayan shekara biyu ya yi wa masana amfani, bai yi wa fasinja ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne, kowane wata: nawa ya shigo, nawa aka kashe kan gyara, nawa kan albashi da motocin shugabanni, hanyoyi nawa aka biya kuma sau nawa mota ta bi su, wa ya ci kowace kwangila. A manna a ƙofar kasuwa da tasha, a karanta a rediyon jihar da Larabci da sauran harsunan da ake ciniki da su, har da Hausa. Ƙananan matakai irin wannan suna aiki. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya yi fama da 'yan cuwa-cuwar tikiti tun buɗe shi a 2016, kuma sayar da tikiti ta intanet da aka fara a Janairun 2021 ya rage hannayen da kuɗi ke bi, ko da yake bai kawar da su duka ba.

Wajibi ne kuma a yi hattara da waɗanda ke fassara bahasi da kora. Sudan ta ga wannan a 1981 da 1989, lokacin da aka share ƙwararru aka bar injuna ba mai jin yarensu. Idan layi ya mutu, da wuya laifin ya zama na mai ɗaga tuta a mahaɗa. Tambaya ta fara daga wanda ya sa hannu a kasafi da kwangila. Shugaban hukuma ya sami wa'adi sananne da sharuɗɗa rubutattu, a iya cire shi idan alkaluma sun nuna gazawa, kuma kada a iya cire shi don ya ƙi ba da motocin jama'a a kwashi mutane zuwa taron gwamna.

Mai karatu na iya cewa duk wannan mafarki ne a ƙasar da ke cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023. Gadarif ba ta faɗa hannun dakarun RSF ba, amma ta ɗauki kaya. Tun Nuwamban 2020 take karɓar 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, ɗaruruwan dubban mutane suka kwararo jihar, makarantu suka zama masauki, kuɗin mota ya zama abin da ke raba wanda zai tsira da wanda zai tsaya. Hanyar kwalta ta gabas ita ta riƙe abinci da magani da masu gudu, alhali layin dogon da ke kwance a gefenta bai ɗauke mata komai ba. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Hartum a watan Maris, maganar sake gina ƙasa kuma ta fara yawo. Yanzu ne lokacin rubuta ƙa'ida, kafin kuɗi ya iso, domin bayan ya iso masu rabo sun riga sun zauna.

Idan rance da gudummawa suka fara shigowa, za a ji manyan alkawura: sabon layi mai faɗi, jiragen zamani irin wanda aka ƙaddamar tsakanin Hartum da Atbara a 2014, sababbin bas-bas daga Sin. Layin dogo na gwamnatin tarayya ne, jihar Gadarif ba za ta iya tayar da shi da kason kasuwarta ba, kuma bai kamata ta gwada ba. Abin da za ta iya shi ne ta nemi kujera a teburin da za a yanke shawara, ta kuma dage cewa kafin a ci bashin sabon layi a bayyana nawa gyaran tsohon layin Gadarif zuwa Kasala zuwa Hayya zai ci, tan nawa na riɗi da dawa 'yan kasuwa suka yarda a rubuce za su ɗora masa, da inda kuɗin gyaransa na shekara goma zai fito. Nata kason kuma ta fara da hanyoyin da ke kai buhu da majinyaci bakin kwalta, ta manna jerin sunayensu da kuɗin kowacce a ƙofar kasuwa kafin ruwan Yuni ya sauka.